Tafiyar Ƙasar da Aka Hana Alhaji Ɗanlami

Na manta abubuwa da yawa na shekarun da na yi ina aiki a Bompai, amma ban manta da safiyar Litinin ɗin da Alhaji Ɗanlami ya shigo ɗakin shan magani yana kaɗa makullin mota, ya ce mini ya daina tafiyar ƙasa ba. Ku da kuka shigo aikin nan na kula da majinyata jiya-jiya, kuna ganin manyan mutane da sassafe sanye da takalmin roba suna zagaye unguwa ana cewa motsa jiki suke yi, sai ku ɗauka haka garin yake tun asali. Ina! Ku gyara zama ku ji.

Farkon shekarun tamanin ne, lokacin da ake ta maganar tsuke bakin aljihu. Ni ne disfensa a wata masaƙa. Aikina wanke ciwo, ɗaure yatsan da inji ya ciza, ba da maganin zazzaɓi da awon jini. Likita ba ya zama da mu. Wani ɗan Sudan ne yake zuwa duk Talata, ya duba waɗanda na tara masa, ya tafi. Dokarsa ɗaya ce, kuma ita ce dokar aikin: abin da majinyaci ya faɗa a ɗakin nan, a ɗakin nan yake tsayawa. Sai fa idan likita ya ga mutum ba zai iya aiki ba, to dole ya sanar da manajan ma'aikata, shi kuma ya sallame shi saboda rashin lafiya. A wancan lokacin auduga ta yi wuya, sinadarin rini ba ya isowa, ofis neman wanda za su rage kawai suke yi. Tari mai ƙarfi ma mutane ɓoye shi suke.

Alhaji Ɗanlami shi ne sufabaiza na sashen rini. Ga wanda bai san masaƙa ba, daga lebura sai mai jan inji, sai helma, sai sufabaiza, daga nan sai manajoji. Alhaji daga lebura ya fara, da hannunsa ya juya yadi a kwamin rini har ya hau. Ƙaton mutum ne, ga tumbi, ga wuya, kuma a wurin mutanenmu wannan shi ne shaidar Allah ya buɗa maka. Yana da farar mota, yana zaune a Gama, gidansa cike da 'ya'ya da 'ya'yan 'yan'uwa. Hannunsa a sake yake. Babu lebura a sashen nan da bai taɓa cin abincin gidansa ba.

Wata Talata bayan ƙaramar Sallah ya zo yana kukan ciwon kai da ƙeya, da yawan fitsari. Na auna jininsa, na ga abin da ya sa na sake aunawa. Likita ya zo ya auna da kansa, ya sa aka duba fitsarin, sannan ya rufe ƙofa.

"Alhaji, hawan jini ne, ga kuma sukari. Jikinka ya yi wa zuciyarka nauyi. Ƙwaya kaɗai ba za ta yi ba. Ka rage tuwo, ka rage mai, ka bar sukari a shayi. Sannan daga gida zuwa nan, daga nan zuwa gida, da ƙafa."

"Da ƙafa, likita? Ni? Ga mota a ƙofar gida?"

"Motar ba ta da hawan jini, kai ne kake da shi. Na ba ka zuwa ƙarshen damina. In jiki ya ragu, jini ya sauka, magana ta mutu a nan. In bai sauka ba, ba zan bar ka a kan injin rini ba, dole in sanar da ofis."

Da likita ya fita, Alhaji ya kama hannuna ya riƙe. Ya ce, "Malam Garba, amana. Ko iyalina ban so su ji, balle 'yan sashe. Mutum ɗaya ya ji, ofis ya ji. In aka sallame ni, wa zai riƙe gidan can?" Na ce masa kada ya ji komai, bakina a rufe yake.

Kuma wallahi mutumin nan ya yi ƙoƙari. Ya lulluɓe motar da tamfol, ya kama hanya. Makon farko in ya iso get sai ya biyo ta wurina, riga sharkaf da gumi, yana haki, ya zube a kan benci in ba shi ruwa. Ƙafafunsa suka yi bororo, na wanke na ɗaure. Na ce ya bar takalmin fatar nan mai tsini, ya nemi mai laushi. Sannu a hankali hakin ya ragu. Jinin ya fara sauka, ina gani da idona duk Talata. Babbar riga ta fara yi masa yawa a kafaɗa. Wata rana ya shigo yana dariya kamar yaro, ya ce, "Garba, yau na hau matakalar ofis ban tsaya a tsakiya ba! Kuma barci nake har sai ladan ya tashe ni." Na yi murna ƙwarai, don ina son mutumin nan.

To amma hanyar Gama zuwa Bompai ba daji ba ce, hanyar ma'aikata ce. Kuma kun san halinmu: ba ka wuce wanda ka sani yana tafe a ƙasa kai kana kan abin hawa. Abin kunya ne a gare ka, ba a gare shi ba. Leburori in sun hango shi sai su dira daga keke su riƙa turawa a bayansa, don ba za su iya wuce sufabaizansu ba. Sai ya juyo ya daka musu tsawa su hau kada jiniya ta kaɗa su makara. Masu babur su tsaya, ya ce su je. Wanda ya fi kowa naci shi ne Malam Iro, direban bas ɗin kamfani, wanda Alhaji ne ya samo masa aikin tun farko. Kullum sai ya taka birki da mota cike da mutane, ya leƙo.

"Alhaji, bismilla mana! Ga gaba na ajiye muku."

"Je ka, Iro, ina tafe."

"Haba Alhaji, in wuce ku a rana? Me zan ce wa Allah?"

Alhaji ya sauya hanya, ya koma bin lungu, ya riƙa fitowa ana idar da sallar asuba. Duk a banza. Daga nan magana ta fara yawo a kantin kamfani. Da farko aka ce motar ce ta lalace. Sai aka ce ai an sayar, tamfol ɗin ma rufin ido ne. Da aka ga yana ramewa, kuma ya daina zama cin tuwo da rana, sai aka ce shi ke nan, Alhaji ya karye, damuwa ce take cin sa, kuma zurfin ciki ya hana shi faɗa.

Iro ya same ni wata rana ina tafasa almakashi. Ya ce, "Malam Garba, kai ne kusa da shi. Me yake damun Alhaji? Ka ga wuyansa kuwa?"

Na ce, "Lafiyarsa ƙalau."

"Lafiya ƙalau mutum ya ajiye mota ya zube haka? To in ba ciwo ba ne, babu ce."

Ku gaya mini abin da zan ce. In na ce ciwo ne, kafin azahar ofis ya ji. In na yi shiru, na yarda babu ce. Na ce, "Iro, in kuna son sa, ku bar shi ya yi tafiyarsa. Shi ne taimakon da za ku yi masa." Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce bai san zuciyata ta bushe haka ba, ya fita. Na roƙi Alhaji ya kira Iro shi kaɗai ya gaya masa. Ya ce, "Iro? Wanda yake tuƙi yana ba mota guda labari? Bar ni, Garba."

Ranar wata Juma'a bayan la'asar, maƙwabta na zaune a dakalin ƙofar gidan Alhaji, sai ga a-kori-kura ta tsaya. Iro ne da helmomi biyu na sashen rini. 'Yan sashe sun haɗa hannu a ɓoye, har da leburorin da su kansu ba su san ko za su ga ƙarshen wata a bakin aiki ba. Aka sauke buhun shinkafa, buhun gero da galan na man gyaɗa, aka jingine a zaure a gaban kowa. Iro ya durƙusa, ya rage murya, amma kowa ya ji: "Alhaji, ba komai ba ne, rufin asiri ne. Kun yi mana a lokacinku, yau namu ne mu yi." Da zuciya ɗaya ya faɗa, wallahi da zuciya ɗaya. Abin da ya fi ba ni takaici ke nan har yau.

Litinin ita ce safiyar da na fara gaya muku. Na ji ƙarar motarsa a get tun kafin in gan shi. Ya shigo ya tsaya, bai zauna a bencin ba.

"Garba, jiya na yaye tamfol, na wanke mota. Na gama."

"Alhaji, don Allah kada ku yi haka. Jinin ya kusa daidaita, kaɗan ya rage."

"Na sani. Amma ka ji abin da Iro ya ce? A lokacinku! Ni da nake aika wa mutane abinci, yau ni ake sauke wa buhu a gaban maƙwabta, daga aljihun leburorina. Matana kuka suke, suna tambaya ko bashi ne ya hau ni."

"To ku faɗa musu gaskiya mana."

"In faɗa a sallame ni, in yi shiru in zama abin sadaka. Wanne ka zaɓa mini?"

Na ce ko zagaye tsakar gida ya riƙa yi. Ya ce zai yi, kuma na san ya gwada, amma tsakar gida mai cike da yara da tukwane ba hanyar Bompai ba ce. Abin bai tsaya nan ba. Don ya wanke kansa, ya nuna bai karye ba, ya yanka rago a ƙarshen mako, ya tara 'yan sashe, ya zauna a tsakiyarsu ya ci har ya yi gumi. Ya koma cin tuwon rana da su. Tumbi ya fara dawowa, mutane suna ta hamdala: Alhaji ya murmure. Iro har gaisuwata ya daina amsawa da kyau, yana ganin shi ya ceci mutum ni na naɗe hannu. Ni kuwa duk Talata ina kallon allurar awo tana hawa, raina yana ɓaci, ba wanda zan gaya wa.

Da damina ta ɗauke, likita ya auna shi, ya ga jinin ya koma sama. Ya yi masa faɗa sosai, sannan tausayi ya kama shi, ya ƙara masa ƙwaya, ya ce ya ƙara masa wata guda kafin ya sanar da ofis. Ba a kai watan ba. Wata safiya aka rugo aka ce Alhaji ya faɗi a gefen injin rini. Na same shi baki ya karkace, ɓarin dama ba ya motsi, yana kallona yana son magana ta ƙi fita. A bas ɗin Iro muka kai shi asibiti. Kwana kaɗan ya yi, Allah ya karɓi abinsa.

Ranar jana'iza kamar an rufe masaƙar. Maƙabartar tana kan hanyar nan dai da yake bi zuwa aiki. Kowa ya ajiye motarsa, ya jingine kekensa da babur ɗinsa, manajoji da leburori duk muka taka da ƙafa a cikin rana tsaka. Ba wanda ya ce wa wani bismilla ga mota, ba wanda ya ji kunya. Iro yana ƙarƙashin makara, hawaye shaɓe-shaɓe, ana cewa ya ba wani ya karɓa yana ƙi.

A hanyar dawowa ya matso kusa da ni, ya kama hannuna, ya ce, "Malam Garba, ka yafe mini fushin da na yi da kai. Ko ba komai, mun rufa masa asiri kafin ya tafi. Bai mutu yana yawo a ƙasa kamar marar kowa ba."

Na dube shi. Saura kaɗan in gaya masa gaskiya. Amma amana ce, kuma in na faɗa, ban san yadda Iro zai ƙara kwana da kansa ba. Na ce, "Allah ya ji ƙansa, Iro." Ya ce amin. Har Iro ya bar duniya yana ganin alheri ya yi. Yanzu shi ma ba ya nan, masaƙar an rufe ta tuntuni, shi ya sa kuka ji bakina ya buɗe.

Abin da aikin nan ya koya mini a kan Alhaji shi ne, in ka ce wa mutum ya yi tafiyar ƙasa, ba ƙafarsa kaɗai ka ba aiki ba. Akwai maƙwabtansa, akwai na ƙasa da shi, akwai masu ƙaunarsa, kuma su ne suka fi wuyar sha'ani. Ku tambaye shi wace hanya zai bi, wa zai gan shi, me zai ce musu, tun kafin ya fita ƙofarku. Mu ba mu tambaya ba a lokacin, don ba wanda ya san tambayar tana nan.

Ni dai tun daga shekarar, in ina kan babur na hango mai jiki yana tafe a gefen titi yana share gumi, ko na san shi, hannu kawai nake ɗaga masa in wuce. Na ji ana cewa tsohon disfensan nan ba shi da kara, ba ya rage wa kowa hanya. Su faɗa.