Zanen Ƙofar Sornam

A gidan tsofaffi na bayan garin Kumbakonam a ƙasar Indiya, Sornam na durƙushe a bakin ɗakinta da garin shinkafa a hannu, tana zana furen da ake yi wa ƙofa kowace safiya. 'Yar firit ce cikin farin zanen sari, wuyanta babu sarƙar aure. Da ganin kantar yatsunta, ta sha bautar wani gida kafin mai gidan ya rasu.

Yau hannun ya ƙi. Layi sai karkacewa yake. Duk wadda hannunta ya fara rawa ɗakin baya ake kai ta, kuma Sornam ba ta taɓa ganin wadda ta dawo ba.

Sai ga Jeyarani, mai jinyar gidan.

"Kaka, yau wane mashayi ya yi miki zane?"

"Tururuwa ce ta janye garin, 'yar nan. Gidan nan kowa a ƙoshe yake, sai godiya."

Jeyarani ta wuce tana dariya. Sornam ta jira takunta ya ɓace, sannan ta barbaɗa sauran garin a bakin ramin tururuwar.

"Ku ci," ta ce a hankali. "Gobe ma ku zo da wuri."