Malam Ubaidullahi Arzika Buji da Kalmomin da Suka Ɓace Masa

Haihuwa da Karatu

An haifi Malam Ubaidullahi a garin Buji a shekarar 1954. Mahaifinsa, Malam Arzika, mai makarantar allo ne, mahaifiyarsa kuwa Dada Gaji. Ya haddace Alƙur'ani a gaban mahaifinsa yana ɗan shekara goma sha bakwai, sannan ya tafi Kano neman ilimin fiƙihu da nahawu, bai dawo ba sai 1978.

Aiki da Iyali

A shekarar 1979 ya auri Hajiya Rakiya, mutuniyar Kiyawa, Allah ya azurta su da 'ya'ya biyar, Raihana ce ta fari. Ya koyar da Larabci a makarantun firamare na Kiyawa, kafin ya koma Dutse a 1992, inda ya buɗe zauren karatu a ƙofar gidansa. Ya shahara da fasahar bayani, kuma bai taɓa yarda ɗalibi ya wuce darasin da bai fahimta ba.

Jinya

A watan Maris na 2019 hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Da ya farfaɗo sai aka ga yana karanta doguwar sura ba tuntuɓe, amma idan ruwa yake so sai ya ce buta, ya ce kwano, ya yi ta kewaye har gumi ya keto masa. Sunayen 'ya'yansa kuwa duk suka kuɓuce masa.

Ɗalibansa suka yanke hukunci cewa karama ce, wai Allah ya rufe bakinsa daga zancen duniya. Jama'a suka riƙa tururuwa daga Kiyawa da Buji da gorunan ruwa domin ya tofa musu. Malam yana dukan tabarma da hannun hagu, yana juya wa baƙi baya, ana cewa halin waliyyai ke nan. Shekara biyu cur aka yi a haka babu wanda ya nemi likita, kuma wannan sakaci ne, ko da wane suna aka lulluɓe shi.

Neman Magani

A 2021 Raihana, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ta kai shi Kano duk da adawar ɗalibai. Wata ƙwararriya a kan matsalolin magana ta bayyana cewa idan mutum zai yi magana, ma'ana ce take fara zuwa, sai kalmomi masu kusanci da ita su taso tare, ƙwaƙwalwa ta zaɓi ɗaya ta danne sauran cikin ƙiftawar ido. Wajen zaɓin nan ne ciwo ya taɓa, hadda kuwa ba ta buƙatar zaɓi. Ta ƙara da cewa jinkirin ya yi ɓarna.

Kullum da hantsi Raihana takan zauna gabansa da hotuna domin ya gwada faɗar sunan abin da ke cikinsu. Malam ya ture na kofi da na kujera, ya jawo hoton iyalinsa, ya ɗora yatsa a kai. A watan Yuni na 2022, a cikin zaure cike da masu goruna, ya haɗa jimlarsa ta farko da ƙyar: "Ni ba waliyyi ba ne, ciwo nake yi." Kafin wata ya ƙare zauren ya watse.

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa ranar Juma'a, 9 ga Agusta, 2024, yana da shekara saba'in, aka yi masa sutura a Dutse bayan an sauko daga masallaci. Ya bar matarsa Hajiya Rakiya da 'ya'ya biyar, ga su bisa jerin yadda sunayensu suka dawo bakinsa: Musaddiq, Safina, Haisam, sai Mashkura, wadda ya kira wata biyu kafin cikawarsa. Ta biyar ita ce Raihana. Tun yana da lafiya bai taɓa faɗar sunanta ba saboda kunyar 'yar fari, don haka ita kaɗai ce ba a san ko nata ya dawo ba. Allah ya jiƙansa da rahama.