Ƙofofin da Ban Rufe Ba

Layi ɗaya tak na toshe wa baki a cikin aikin yayana, don kawai in samu in tafi ƙwallo. Shekarata goma sha shida a lokacin, kuma a ganina duk ƙasar Tsanyawa babu mai irin ƙwaƙwalwata.

Shekarar da fetur ya gagari talaka ce. Baba yana noman tumatir a Watari, ruwan kuwa bi da bi ake sako shi, ba a tsayar da rana. Zuwa dubawa kullum a babur ya fi ƙarfinsa. Sai Yaya, wanda ya gama karatun kwamfuta a Kano ya dawo gida ba aiki, ya haɗa wata 'yar na'ura mai amfani da sola, ya kafa a bakin magudanar gonar. Aikinta ta riƙa hawa intanet tana turo wa wayar Baba labari: ruwa ya zo, ko bai zo ba.

Kayan da ke buɗe hanyar aika saƙon da yaren kwamfuta na C aka rubuta su, yare mai tsauri. Yaya ya ce in ɗinka wa kowannensu rigar Python, wani yaren kwamfuta mai laushi, don mu riƙa juya su cikin sauƙi.

"Buɗe kunnenka, sarkin rawar kai," in ji shi. "Python kamar Inna take, ka zubar ta kwashe. C kuwa Kawu ne, ƙofar da ka buɗe kai za ka rufe. Duk rigar da ta gama aiki, dole ta gaya wa C ya rufe ƙofarsa."

"Haba Yaya, ni da na haddace wannan tun ina goye?"

Layin rufewar ne ya yi ta cika mini allo da jan rubutun kuskure. Na sa masa alamar da ke sa kwamfuta ta tsallake shi. Komai ya tafi sumul, na zari takalmin ƙwallo.

Yaya ya koma Kano neman aiki. Saƙo yana zuwa sau uku a rana, Baba yana nuna wa mutane a ƙofar masallaci. Sai na hantsi ya fara kaiwa azahar. Sannan na la'asar ya daina zuwa. Ni na san dalili: kowane saƙo yana barin ƙofa a buɗe, ƙofofin na'urar kuma suna da iyaka.  Kullum sai in ce gobe zan faɗa.

Ranar Talata wayar ta yi tsit.

"Ba ruwa ne, shi ya sa ta yi shiru," in ji Baba. "Ko ba haka ba, injiniya?"

Na ce haka ne.

Kwana shida yana ɗaga wayar sama yana neman sabis, rana kuwa tana ƙuna. Ran kasuwa wani maƙwabcin gonarmu ya tsaya a zaure.

"Malam, lafiya ba a gan ka ba? Ai ruwan layinku ya zo ya wuce tun ran Laraba."

 Baba ya juyo ya dube ni, ya daɗe yana dubana, sannan ya tura babur ya fita.

Fiye da rabin tumatirin ya ƙone. Da aka kwaso na'urar gida, a daƙiƙa biyu na goge alamar, na shafe yini guda ina gyara layin, amma ba wanda ya sake mayar da na'urar gona. Baba ya ari keken Kawu, da shi ya riƙa zuwa Watari har rani ya ƙare.