Babban Likita a Tashar Funtua

Rahab tana jiran jirgi a tashar Funtua, idonta na kan wani baƙo mai farar kwat da tabarau. An ce babban likita ne, har Ingila ana karanta bincikensa kan maganin taɓin hankali. A gefensa wani magidanci ne tsugune, yawu na dalala a gemunsa, yatsunsa na rawa.

"Dube shi," in ji likitan, yana nuna wa shugaban tasha magidancin. "Bara a ɗaure yake cikin mari. Yanzu ko ƙuda ba ya iya korewa."

Ya kama haɓar mutumin yana juya ta kamar mai tayin rago, sannan ya goge hannunsa da hankici, yatsa bayan yatsa. Wataƙila a birni tafa masa ake yi. Rahab kuwa sai ta kau da kai.

Da ƙyar mutumin ya buɗe baki. "Likita, jikina ya zama kamar ba nawa ba."

Likitan ya yi murmushi, bai ko dube shi ba. "Ka ji ko? Har magana yake yi cikin ladabi."