Hajiya Adawiyya, Wadda Innata Ba Ta Manta Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 12 ga Agusta, 2025, da hantsi, ina cikin tankaɗe aka bugo mini waya cewa Allah Ya yi wa Hajiya Adawiyya Muhammad rasuwa a Dutse, bayan gajeriyar jinya. Ga wanda bai san ta ba, jami'ar jin daɗin jama'a ce da ke bin ƙauyuka tana duba tsofaffin da ake wulaƙantawa. Karatuna bai yi nisa ba, amma na ce sai na rubuta.

Hajiya, a kan Innata na san ki. Tsufa ya fara taɓa mata tunani, takan shiga gidan maƙwabta tana tsammanin nata ne. Da wani yaro ya kwanta da zazzaɓi ya ambaci sunanta cikin sambatu, sai mutanen ƙauyenmu, can bayan Kafin Hausa, suka ce mayya ce. Suka fito da ita ƙofar gida, suka yaye mata mayafi, suka tilasta mata ta tsallake yaron wai ta sakar masa kurwa. Yayana Yahuza, don tsoro da kunya, ya kulle ta a ɗakin ajiye hatsi, ana tura mata tuwo ta taga. Ina gidan aurena a Takur, cikin Dutse. Labarin ya riga zuwa ofishinku kafin ya iso kunnena, kuma har yau wannan yana yi mini ciwo.

Ba ke kaɗai kika je ba. Malama Raihana, nas, ta wanke gyambon ƙafar Inna, ta kuma gwada jinin yaron ta nuna wa uwarsa cewa cizon sauro ne. Sajan Talatu ta zo cikin atamfa da hijabi, ba kaki, don kada a ce danginmu sun kira wa gari 'yan sanda. Amma da ta keɓe da Yahuza, da hannunsa ya cire kwaɗon. Liman, Malam Nata'ala, kika bar wa jama'a, ya yi musu magana bayan sallar Juma'a. Sannan kuka taru a zaure kowa ya faɗi abin da ya gani, ba mai yanke shawara shi kaɗai.

Kuna da doka guda: mutum ɗaya ne ke yi wa tsoho tambaya, kuma ba a gaban danginsa ba. Da na iso ƙauyen na bi ki wurin Inna, sai kika ce, "Zakiyya, ɗan ba mu wuri."

Na ce, "Hajiya, uwata ce fa."

Kika ce, "Shi ya sa. Ba za ta faɗi laifin ɗanta a gaban 'yarta ba."

Na zauna bisa turmi a tsakar gida. Na jiyo kukanta, can kuma na jiyo dariyarta, wadda na daɗe ban ji ba. Ban san me ta gaya miki ba. Kin tafi kabari da shi.

Kuka amince ta dawo wurina a Takur. Ni ke yi mata wanka, ni ke yanke mata farce, ni ke wanke shimfiɗa. Amma in na kawo koko sai ta ture ta ce, "Sai yarinyar nan ta zo." Sunana ya ɓace mata, "baiwar Allah" take ce mini. Naki kuwa yana nan daram. Da ta ji sallamarki sai ta gyara ɗankwali, ta ci duk abin da kika miƙa mata. Wata rana na kasa daurewa na ce, "Hajiya, kin ƙwace mini uwa." Kika yi dariya kika ce, "Ke kike hana ta gishiri saboda hawan jini, ni kuwa goro nake kawowa. Wa za ta fi so?" Na yi dariya, amma kishin bai tafi ba.

Tun da kika kwanta jinya cin abincinta ya ja baya, har wuyanta ya zurma. Bayan addu'ar uku Malama Raihana da Sajan Talatu suka zo. Na tambaye su ko in gaya wa Inna rasuwarki. Malama Raihana ta ce kada in yi: za ta yi kuka, ta manta, ta sake tambaya, kullum sabon makoki. Suka raba ranakun zuwa duba ta a tsakaninsu. Suna zuwa kuwa, amma ko daga hannunsu ba ta karɓa.

Jiya da safe na shiga da koko. Ta ɗaga kai ta daɗe tana kallona, fuskarta ta saki. Ta ce, "Adawiyya, kin daɗe."

Bakina ya buɗe zan ce ni ce Zakiyya, autarki. Sai na dubi ƙasusuwan wuyanta. Na ce, "Na'am, Inna. Ga ni."

Ta shanye tas, har ta lashe ludayi. Na fita bayan ɗaki na yi kuka, ban san ko naki ne ko nawa ba.

Allah Ya jiƙan ki, Hajiya. Ya haskaka kabarinki, Ya buɗe miki ƙofar Aljanna kamar yadda kika buɗe wa tsofaffin bayinsa ƙofofi. Ina miƙa ta'aziyyata ga mijinki Alhaji Bubayero, da 'ya'yanki, da abokan aikinki. Allah Ya ba mu haƙurin rashi, Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.

Zakiyya Ahmadu
Takur, Dutse