Kiftawa Ɗaya

A wurin aikin kowa Gwaggo yake ce mata, har da shugaban, wanda ya girme ta. Tana budurwa ta shigo a matsayin mai buga takardu, lokacin babban madubin kallon taurari yana sabo a kan tudu. Da aikin buga takardu ya mutu, aka koya mata wani, aka ba ta tebur kusa da taga.

Ita ba ta kallon sama. Da safe ake turo mata abin da madubin ya kwana yana aunawa, wato hasken wasu ƙananan taurari jajaye, maƙwabtan ranarmu, waɗanda ido ba ya gani. Kowane tauraro layi ne a fuskar kwamfuta. Idan wata duniya mai duwatsu irin tamu ta gifta ta gabansa, sai haskensa ya ɗan rage, layin ya lotsa, sannan ya miƙe. Mutanen ofishin suna kiran wannan kiftawa. Kwamfuta takan tsince su, amma har da shara take kwasowa, sai Gwaggo ta tace. Ƙa'idarsu kuwa tsohuwa ce: kiftawa ɗaya ba magana ba ce. Sai ta dawo, ta kuma dawowa a kan lokacinta, sannan a ce akwai duniya.

Maigidanta shi ne direban da yake kai ma'aikata tudun. Mutum ne mai surutu, har ranar da shanyewar jiki ta ɗauke masa baki. A asibiti ido kaɗai ya rage masa. Gwaggo takan tashi daga aiki ta je ta zauna a gefen gadon. "Za ka sha ruwa?" Ya kifta. "In juya ka?" Ya kifta. Likita ya gaya mata a hankali cewa ido kan kifta don kansa. Ta ce ta ji.

Wata rana, bayan an daɗe ana soka masa allura ana neman jijiya, ta sunkuya ta ce, "Malam, mu tafi gida?" Ya kifta. Ta sa hannu a takarda ta ɗauko shi. Bai ga ƙarshen makon ba.

Yayarsa ba ta yi faɗa ba. Suna ninke kayansa ne ta ce, "Ke kika ce ya ce." Iyakar abin da ta faɗa ke nan.

Gwaggo ta koma aiki, sai hannunta ya yi nauyi. Kiftawar da a da za ta yi wa alama, yanzu sai ta wuce ta. Dogo, wanda teburinsa yake kallon nata, yakan tsokane ta.

"Gwaggo, ke ko tauraro ya kashe miki ido sai kin nemi shaidu."

"Kai da kake ganin duniya a ƙurar tabaranka, goge shi tukuna."

A shekararta ta ƙarshe kafin ritaya, wani ɗan tauraro ya kifta sau ɗaya, kaɗan ƙwarai. Ta rufe shafin, ta buɗe, ta sake rufewa. Dogo ya leƙa ya gani, ya kai wa shugaba labari. Shugaban ya zo ya tsaya a kanta.

"Masu jiran madubin nan suna da yawa, Gwaggo. Amma in kin ce a juya shi kan wannan, za a juya. Kin gani, ko ba ki gani ba?"

Ta sake buɗe shafin, ta dubi layin. Can ta ce, "Na gani."

Watannin jiran ba su yi mata daɗi ba. A motar haya sai ta kama kanta tana kallon idanun fasinjoji, kowa yana ta amsa tambayar da ba a yi masa ba. A gida jikarta ta ce, "Kaka, me ya sa kike kallona haka?" Ta kau da kai.

Tauraron ya sake kiftawa. Sannan ya kuma, daidai lokacin da lissafi ya ce. Duniya ce ƙarama, ta dutse. Masanan suka ce da alama gefe ɗaya ne kullum yake fuskantar tauraron, ɗayan bai taɓa ganin haske ba.

Dogo ya ajiye mata shayi a tebur. "To, uwar shaidu, idonki dai bai taɓa yi miki ƙarya ba."

Ta ce, "Shi wannan an sake tambayarsa."

Dogo bai gane ba, ya yi dariya ya wuce.

Da aka tashi, ba ta hau motar gida ba. Ta hau wadda take zuwa unguwar yayar maigidanta. Ta same ta a tsakar gida tana kwashe shanya. Bayan sun gaisa, Gwaggo ta tsaya riƙe da jaka.

"Yaya, sau ɗaya na tambaye shi."

Tsohuwar ta cire zane daga igiya, ta kaɗe shi, ta rataya a kafaɗa. 

"Mu ko ɗayan ba mu tambaye shi ba," in ji ta. "Ajiye jakar, ki kama mini bakin zanen nan mu ninke."