Malam Ɗalhatu, mai tambayar abin da ke cikin saƙo

Ƙarfe bakwai na safe Malam Ɗalhatu yake buɗe ofishinmu na aika kaya a unguwar Port Saeed, nan ƙasar Larabawa. Kafin ya taɓa shayi sai ya bi sanarwar da ƙasashe ke aika wa juna kan tsaron jiragen ruwa: wace tasha ta sauya ƙa'ida, wane kaya aka ƙara cikin masu haɗari. Abin da ya samu ya rubuta a wani littafi mai baƙin bango, har da inda ya samo shi. Shekara huɗu teburina yana kusa da nasa, ban ga ya tsallake rana ba. Ƙarshen watan nan zai koma Zariya, bayan shekara ashirin da biyu.

A 2019 Hajiya Uwa, babbar mai hulɗa da mu, ta cika kwantena da abaya da takalman Sallah. Takardu sun kammala, saura sa hannunsa.

"Hajiya, akwai saƙo a ciki?"

"Kwali shida ne kawai, na mutane."

"Me ke cikinsu?"

"Haba Malam, ana buɗe saƙo? Amana ce fa. Yalla, yi sauri ka sa hannu, jirgi ba ya jiran gemunka."

Kowa ya san halinmu. Wanda zai yi lodi, 'yan'uwa da maƙwabta sukan ba shi saƙo ya kai gida, kuma tambayar abin da ke ciki tamkar zargi ne. Malam Ɗalhatu ya ɗauki wannan nauyin. Ya kira masu saƙon ɗaya bayan ɗaya ya nemi izinin buɗewa, sannan ya tafi sito a unguwar Al Warsan. Kwali huɗu tufafi ne. Biyu kuwa turaren fesawa ne da baturan cajin waya, a haɗe, za su yi makonni cikin zafin ƙarfe a tsakiyar teku, suna iya kamawa da wuta. Ya duba littafinsa, ya rubuta wa kamfanonin da suka yi kayan a ƙasashensu su turo takardun bayani. Kafin amsa ta zo, jirgi ya tashi ya bar kwantenar.

Ina zaune manajanmu ya ce masa in Hajiya ta bar mu, bizarsa za ta bi ta. Malam bai ɗaga murya ba.

"Ranka ya daɗe, akwai mutum sama da ashirin a jirgin nan. Su ba wanda ya nemi izininsu."

Hajiya ta rasa kasuwar Sallah. Wata uku Malam yana zuwa aiki bai san ko gobe zai dawo ba. Sai ga ta wata rana da sabon lodi, ta ajiye jerin saƙonni a gabansa, kowanne da abin da ke cikinsa.

"Ga shi nan, sarkin tambaya. Khalas, magana ta ƙare, kada ka sake ɓata min Sallah."

Kai ne, Baba Ɗalhatu, ka yarda a ga baƙinka don waɗanda ba ka taɓa gani ba. 'Yan Filifin ne ko 'yan Indiya, ba ka sani ba, su ma ba za su taɓa jin sunanka ba. Sun dai isa gida. Allah Ya saka maka da alheri, Ya sa ka huta lafiya.

Jiya ya ajiye littafin a teburina, ya ce akwai sauran shafuka. Masu lodi da masu sa hannu, mu riƙa tambaya, ko da za a ji haushinmu.